Ƙuri'ar da Ban Sa wa Hannu Ba

Malama Bernadine, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ni ban iya gajarta zance ba, marigayi mijina ya shekara arba'in yana ƙoƙarin koya mini bai ci nasara ba. 'Yata ce take fushi da ni a kan laifin da ban yi ba, ni kuma ina tsoron in wanke kaina, domin laifin da na yi na gaskiya ya fi wanda take zargina da shi nauyi. Sati uku ke nan maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Sunayen da za ki gani duk na canza su, garinmu ma ba zan faɗa ba, ƙaramin wuri ne kuma rabin mutanensa suna karanta filinki.

Shekarata sittin da takwas. Na yi shekara ashirin da shida ina tuƙa bas ɗin makaranta a nan gabashin jihar Washington kafin gwiwata ta ce ya isa. Ina zaune ni kaɗai, da ɗan fanshona, a gidan da mijina Orrin ya gina a ƙarshen hanyar gonakin tuffa. Joelle ita kaɗai ce 'yata. A asibitin haƙori take aiki, amma ranta yana ƙaramar tashar kwana-kwana ta kan hanyarmu, inda ta shekara goma sha ɗaya tana aikin sa-kai ba ko sisi. Da zarar 'yar na'urar kiran nan ta ƙugunta ta yi ƙara, za ta ajiye cokali ta fice, ko gobarar daji ce, ko wani tsoho ne ya faɗi a banɗaki, ko mota ce ta zame a kan ƙanƙara. Ina alfahari da ita, kowa ya sani, har an gaji da jin bakina.

Kin san dokarmu da ta ce hukumar kwana-kwana ba za ta ƙara abin da take tarawa na harajin gidaje fiye da kashi ɗaya cikin ɗari a shekara ba, sai ta nemi iznin masu zaɓe. Ni da Orrin mun jefa wa dokar nan ƙuri'a tun da can, har ya liƙa takardarta a bayan a-kori-kurarsa, kuma har yau ban ce mun yi kuskure ba. To bana sai hukumar yankinmu ta zo neman iznin. Suka ce man dizal da taya da kayan aiki duk sun tashi sun bar kashi ɗayan nan a baya, in ba a yarda an ƙara harajin ba za su rufe ƙaramar tashar ranar ɗaya ga Janairu, a koma dogaro da babbar ta cikin gari. Joelle ta zaunar da ni sau biyu tana yi mini bayani da biro da takarda. Ta kunne ɗaya ya shiga ta ɗaya ya fita, don a raina cewa nake barazana ce kawai. Na yi aiki da hukumar makaranta, na san yadda ake cewa za a rufe abu duk lokacin da ake son kuɗi.

Ga kuma abin da ke cin raina. Tunda mutanen birni suka gano kwarinmu suka fara gina gidajen gilashi a kan tudu, ofishin ƙiyasin haraji ya yanke cewa ni ma attajira ce. Gidan da rufinsa ke yoyo a kan injin wanki, wai yanzu ya ninka kuɗinsa. Ni dai ban ga ninkin a aljihuna ba. Ƙarin da suke nema zai kai ni wajen dala ɗari da casa'in a shekara. Na san akwai waɗanda za su yi dariya, amma ni wannan shi ne iskar gas ɗin ɗumama ɗaki ta wata guda a tsakiyar sanyi. Ban taɓa gaya wa Joelle haka ba. Tana da yara biyu da bashin gida, ba na son ta fara ajiye mini kuɗi a ƙarƙashin kwanon sukari kamar wata abar tausayi.

Sai ga shi wata safiya na fito na tarar ta kafa allon "EH" na masu goyon bayan ƙarin a bakin ƙofata, ja wur, ba ta ko tambaye ni ba. Raina ya ɓaci, amma ban tumɓuke shi ba. Na bar shi nan yana gaishe da masu wucewa. Wannan shi ne rashin gaskiyata na farko, na sani.

Maƙwabciyata kuma ƙawata, Marlys, ta girme ni da shekara shida, ita ma mijinta ya rasu, da 'yan kajinta da ƙwan da take sayarwa take cike giɓin fansho. Ita ba ta ɓoye-ɓoye. Ta samo falankin katako ta rubuta "YA ISA HAKA" da fentin shinge ta jingina a jikin akwatin wasiƙunta. Da takardun zaɓe suka iso ta gidan waya, a teburin kicin ɗinta muka cike namu muna shan kofi, kamar yadda muka saba. Na cike da'irar "A'a" tana kallo. Ina cikin liƙe ambulan sai ga mai kawo gas ya yi hon a waje, Marlys ta tashi za ta yi faɗa da shi a kan farashi, na bi ta don in raba. Da yamma na jefa ambulan ɗina a akwatin ƙuri'a da ke gaban laburare na dawo gida. Shekara da shekaru ina zaɓe ta wannan hanya, ban taɓa manta sa hannu a bayan ambulan ba sai ranar.

Washegarin zaɓe ƙidayar farko ta fito, "A'a" na gaba da ƙuri'a goma sha huɗu. Na ji daɗi na kamar tsawon shan kofi ɗaya. Da hantsi na fita sayen magani, na biyo ta gaban tashar, sai na ga ƙofar a buɗe. Joelle da shugabansu Halvorsen da wasu biyu suna naɗe tiyo, suna ɗaura wa kaya 'yan takardu, wannan babbar tasha za shi, wannan gwanjo. An manna sanarwar rufewa a jikin ƙofa. Ba 'yan jarida, ba taro, ba wanda suke yi domin ya gani. A nan na gane ashe ba barazana ba ce. Na tsaya na sauke gilashin mota, na tambayi Joelle wai babbar tashar ai ba za ta gaza ba ko. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, tana riƙe da tiyo ta ce: "Daga can zuwa ƙofarki minti ashirin da shida ne, Mama, in hanya a bushe take. Sau uku na auna."

Malama Bernadine, ashe yarinyar nan tun kafin zaɓe take ɗaukar motarta tana auna hanyar gidana da agogo. Ni ina can ina lissafin gas, ita tana lissafin minti nawa zan yi a ƙasa in na faɗi. Na koma gida ban sayi maganin ba. Kwana biyu ban iya cin abin kirki ba, in na leƙa taga na ga jan allon nan sai in ji kamar ya san abin da na yi.

Kin san yadda ƙidayarmu take jan jiki, ƙuri'un gidan waya suna ta shigowa. Tazarar ta dinga raguwa, ranar Juma'a "Eh" ta wuce gaba da uku. A ranar ce wasiƙa ta zo mini daga ofishin zaɓe na gunduma, wai an ajiye ƙuri'ata gefe ba a buɗe ba saboda babu sa hannu, in cike fom ɗin da ke ciki in mayar kafin ranar tabbatar da sakamako, in ba haka ba ba za a ƙirga ta ba. Na zauna a kan matakalar ƙofa na karanta sau uku. Na yi dariya har da hawaye ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba, sai ka ce an sauke mini buhun siminti daga ka. Na buga wa ofishin waya na tambaya ko mutum zai iya canza abin da ya zaɓa. Matar ta ce a'a, abu biyu ne kawai, in na sa hannu a ƙirga abin da ke ciki yadda yake, in ban sa ba ambulan ya zauna a rufe. Na yi mata godiya fiye da yadda ta zata, na yanke cewa fom ɗin nan murhu zai shiga, shi ke nan ba wanda zai ji.

Abin da na manta shi ne sunayen waɗanda aka ajiye ƙuri'unsu ba sirri ba ne, duk wanda ya nema za a ba shi. Mu goma sha ɗaya ne a yankin, kuma ɓangarorin biyu duk sun karɓo jerin. Ranar Asabar da safe sai ga Joelle da fom a hannu, fuskarta kamar an yi mata albishir. Ta rungume ni tana tsokanata wai tsufa ya kama direba, gobe kuma takalmi zan manta. Ta ce sauran goman sai ta yi ta lallami ba ta san abin da ke cikin ambulan ɗinsu ba, amma tawa kam ta san ta, ba sai ta roƙa ba. Na ce ban ga tabarau ɗina ba, alhali yana cikin aljihun rigata, na ce ta bari zan cike in aika da kaina. Ba a yi awa ɗaya da fitarta ba sai ga Marlys da irin fom ɗin, ta ce in yi maza, da tawa da ta wasu biyu da ta tabbatar da su za a kayar da abin. Na ce mata sai na yi tunani. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce: "Tunanin me kuma? Ai kin gama tunanin, ga shi can a cikin ambulan, a teburina kika yi shi."

Daga nan na shiga wasan ɓuya da mutum biyun da na fi so a duniya. Na gaya wa Joelle na aika. Ta duba jerin bayan kwana huɗu ta ga sunana yana nan, ta ɗora wa gidan waya laifi, ta kawo wani fom. Na ce hannuna yana rawa, ta ce ai ba zane aka ce in yi ba. Na tattara na tafi wurin 'yar ƙanwar mijina a wani gari na yi kwana biyar, wai ina jinyarta, yarinyar da ko mura ba ta yi. Ciwon haƙori ma da kowa ke fakewa da shi ni ba dama, 'yata a bakin aikin take. Sau biyu na ɗauki waya zan gaya mata gaskiya, sai in tuna fuskarta ranar da take naɗe tiyo, in ajiye.

Ranar ƙarshe ta ɗauki hutun rabin yini daga aiki, ta zo ta bar motarta a kunne a waje, don ta kai fom ɗin hedikwatar gunduma da hannunta, tafiyar mil arba'in, kafin a tashi. A lokacin tazarar ta koma biyu. Ta ajiye takardar a gabana, ta ɗora biro a kai, ta ciro tabarau daga aljihuna da kanta ta miƙa mini. Ba sauran ƙarya. Na naɗe hannu na ce ba zan sa ba. Ta tambayi dalili, na ce haka nan. Ta dube ni ta ce: "Gida goma na je, Mama. Har wanda ya sakar mini kare ya sa hannu." Ta ɗauki bironta ta bar mini takardar ta fita a hankali, ko ƙofar ba ta buga ba, da ma ta buga da na fi jin sauƙi.

An tabbatar da sakamako washegari. "Eh" ɗari huɗu da shida, "A'a" ɗari huɗu da biyar. An sake ƙirgawa da hannu bai canza ba. Kuma kunnen doki a irin wannan faɗuwa ce, don haka da na sa hannun nan da yanzu an kulle tashar. Duk lokacin da na tuna haka sai in yi ajiyar zuciya in gode wa Allah, in gode wa mai kawo gas da ya yi hon a lokacin da ya yi. 'Yan tashar sun kwance 'yan takardun gwanjon, an cire sanarwar. Shekaranjiya na ji jiniya ta tashi daga kan hanyarmu ina shanya, na tsaya ina murmushi kamar an sa mini waƙa, Allah ya sa dai ba wani abin tashin hankali ba ne ya sami masu kiran. Ina barci yanzu, ina cin abinci. Takardar haraji za ta zo a watan Fabrairu, zan biya ina gunaguni, don har yanzu ina ganin ya yi wa irinmu yawa, wannan ban janye ba.

Amma ga inda nake. A idon gari ni ce tsohuwar da taurin kanta ya kusa jawo a rufe tashar 'yarta. A coci matar Halvorsen ta miƙo mini biro a gaban mutane wai in riƙe ko zan buƙata, aka yi dariya, na taya su. Wannan bai dame ni ba. Joelle ce damuwata. Tana kiran waya ta tambayi ko na sha magani, ta ce to sai an jima. Asabar ta sama za su yi karin kumallon fanke na shekara-shekara a tashar, wannan karon har da murna, kowace shekara ni nake kai kek ɗin tuffa, bana ba ta ce in kawo ba. Marlys kuwa ta daina aiko mini da ƙwai. Ta ce ni matsoraciya ce, na ci amanarta, kuma ta fara zancen sayar da gidanta ta koma wurin ɗanta. Ta ce ba za ta kai gulmata ba, amma in Joelle ta tambaye ta ba za ta yi mata ƙarya ba.

To ya zan yi? In na yi shiru, 'yata za ta ci gaba da ganin ban iya ɗaga biro dominta ba. In na yi magana, za ta san uwarta ta jefa ƙuri'ar rufe wurin da ta ba shekara goma sha ɗaya na rayuwarta, da allonta a ƙofa. Wanne ya fi sauƙin yafewa? Kuma Marlys, da gaske na cuce ta?

Taki,
Tsohuwar Direba Mai Mantuwa

*

Ya ke Tsohuwar Direba,

Da farko dai ki saki ranki, ki ci gaba da barcinki. Ba ki karya doka ba. Ƙuri'a sirrin mai ita ce, kina da ikon ki ce a'a ko da 'yarki ce shugabar tashar, kuma da aka ba ki zaɓin ki sa hannu ko ki bari, bari ɗin ma ikonki ne. Mutane da yawa suna jefa ƙuri'a su yi nadama washegari ba yadda za su yi. Ke kin samu ƙofar komawa kin bi ta. Sauƙin da kike ji halal ɗinki ne, kada ki bari kunya ta ƙwace miki shi.

Amma ba zan shafa miki mai a baki ba. Laifinki yana nan, kuma ba a cikin ambulan yake ba. Kin bar allo a ƙofarki yana faɗin abin da ba ki yarda da shi ba, kin ce kin aika fom ba ki aika ba, kin bar yarinya ta ɗauki hutun aiki ta zo da mota a kunne. Duk wannan ya samo asali daga abu ɗaya, kin ɓoye mata cewa dala ɗari da casa'in tana yi miki nauyi. Kin ce ba kya son ta tausaya miki. To kin hana ta tausayi, kin ba ta ɓacin rai a madadinsa, ki duba ki ga ko cinikin ya yi riba.

Ita ma Joelle ba ta fita fes ba. Wanda ya kafa allo a ƙofar mutum bai tambaye shi ba ya yi wa kansa tanadin abin mamaki. Sau biyu ta yi miki bayanin kuɗin tasha, ba ta taɓa tambayar yadda naki kuɗin yake ba. Masu aikin sa-kai sukan yi haka, gajiyarsu da gaskiyarsu sukan sa su ɗauka duk mai ƙaunarsu dole ra'ayinsu ɗaya. Ba yanzu za ki gaya mata wannan ba, amma ki riƙe shi a ranki don kada ki je gabanta kamar wadda za a yanke wa hukunci.

Ki gaya mata, kuma kafin Asabar ɗin nan. Ba don Marlys za ta iya riga ki ba, ko da yake a ƙaramin gari zance ba ya daɗewa a rufe. Dalilina shi ne abin da take ɗauke da shi yanzu ya fi gaskiyar ciwo. Saɓanin ra'ayi a kan haraji abu ne da 'ya'ya da iyaye suke yi kullum su ci abinci tare da yamma. Amma a ce uwa ta kalli idon 'yarta ta ƙi yi mata abin minti ɗaya ba dalili, wannan shi ne irin abin da mutum ke juyawa a ransa shekara da shekaru yana neman inda ya yi kuskure. A zatonta rashin damuwa da ita ne ya hana ki sa hannu, alhali damuwa da ita ce ta riƙe hannunki. Ke kaɗai ce za ki iya gyara mata wannan.

Ki je gidanta da ƙafarki, lokacin da yara suke makaranta, kada ki yi ta waya. Ki fara da mai ɗacin, ki ce "A'a" kika jefa, ki faɗi dalili da adadin kuɗin ba kwana-kwana. Sannan ki gaya mata abin da maganar minti ashirin da shidan nan ta yi miki, sannan ki zo kan fom. Ki nemi gafarar ƙaryar da wahalar da kika ba ta, ita ce abin neman gafara. Kada ki kuskura ki ce ke kika ceci tashar. Mutum ɗari huɗu da shida ne suka cece ta, da wadda ta bi gida goma har da mai kare. Ta yiwu ta yi fushi sabo, ta yiwu ta yi shiru kwana biyu, ta yiwu kuma dariya ta ƙwace mata tun ba ki gama ba. Ko wanne ta yi ki bar ta, kada ki matsa mata ta yafe a zaman farko.

Marlys kuma ba ki cuce ta ba, don ba ki yi mata alkawarin ƙuri'arki ba, kin dai cike ta a teburinta. Amma ba ta yi ƙarya ba da ta ce kin yi ta zille mata, kuma tsoronta na gaske ne. Domin irinta aka yi dokar nan ta taƙaita haraji, kamar yadda domin irinku ku biyun ake buƙatar motar da za ta iso da wuri. Duk abin biyu gaskiya ne, shi ya sa garinku ya rabu biyu cif. Ki je ki gaya mata kai tsaye cewa kin ga abin da ya canza miki ra'ayi, ba za ki ba da haƙuri a kan wannan ba, amma kina ba da haƙuri a kan ɓuyan. Sannan ki ce ta shirya ku je ofishin ƙiyasin haraji na gunduma tare, ku tambayi rangwamen da ake yi wa tsofaffi masu ƙaramin samu. Ban san abin da ke shigo muku ba, don haka ba zan yi muku alkawari ba, amma da yawa sun cancanta ba su taɓa tambaya ba saboda girman kai irin naki. Ku tafi da takardun fanshonku, kuma in an ba ku fom ki duba bayansa da kyau kafin ki miƙa.

Kek ɗin kuwa ki gasa ki kai, ko an gayyace ki ko ba a gayyace ki ba. Kina cikin masu biyan kuɗin tashar nan yanzu, da gunaguninki da komai, kujera ɗaya a teburin taku ce.

Allah ya sanyaya zuciyar Joelle, ya tsare ta duk inda kira ya kai ta, ya bar Marlys a gidanta, ke kuma ya ba ki ƙarfin halin minti biyar ɗin farko, sauran zai zo da sauƙi.

Bernadine